Suna Ɗaya a Kan Filin Mama Zilla

Birmingham, Ingila
Agusta

Ƙanena Hopeton,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Merline da yara. Yaya jikin Kawu Linval? Ka ce masa 'yar yayarsa ta Ingila tana gaishe shi, kuma ta ce ya daina hawa tsani, shekarunsa sun wuce wannan. Ni lafiyata ƙalau in ka cire gwiwar hagu. Ita ke sanar da ni za a yi ruwa, kuma ka san garin nan ruwa ba ya hutu.

Hotunan sabon rufin sun iso. Ya yi kyau, Allah ya saka wa duk wanda ya zo gayya. Na ga rabin mutanen Marlie Bay a saman gidan Mama Zilla, sauran rabin kuma a gindin tukunya. Kai kaɗai ne ban ga guduma a hannunka ba, sai kofi. Merline ta ce har akuya aka yanka. Ina fata masu aikin sun samu ko romo ne.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro maimakon waya, don na san halinka, da an zo maganar gaske sai ka ce layi ba kyau. Kuɗin kwanon nan adashena ne da na daɗe ina zubi. Ba gori nake yi ba, gidan kakarmu ne. Amma karo na biyu ke nan guguwa tana yaye shi, kuma duka biyun a 'yan shekarun nan. Muna yara, labarin guguwa ɗaya Mama Zilla take ba mu, ita ɗin ce dai kullum har muka haddace. Yanzu kowace damina sai in zauna gaban talabijin ina kallon wani farin abu yana juyi a kan teku.

Hopeton, tsofaffi nake ɗagawa ina kwantarwa a gidan kula da su, ni ma kuma na kusa zama ɗaya daga cikinsu. Ba zan iya sayen rufi na uku ba. Ɗakin da nake ciki na haya ne. In na ajiye aiki ba ni da inda zan dosa a duniyar nan sai ɗakin gabas na gidan nan, mai tagar da ke kallon teku, kuma ka sani.

Don haka ka shiga Mandeville ka nemi kamfanin inshora, a yi wa gidan. A nan ko kyanwa ana yi wa. Duk shekara ni rabi, kai rabi. Kada ka ce mini sai an gama ɗibar kankana.

Yayarka,
Ionie

Marlie Bay, St Elizabeth
Satumba

Yaya Ionie,

Takardarki ta iso, mun karanta mun ji daɗi, ban da wurin maganar kofi. Wanda ya ɗauki hoton nan maƙiyina ne. Duk muna lafiya. Merline tana gaishe ki, ta ce ki riƙa shafa wa gwiwar man kwakwa mai ɗumi. Na isar da saƙonki ga Kawu, ya ce tsani nasa ne, ƙafa ma tasa ce.

Na je Mandeville kamar yadda kika umarta, har da sa takalmin coci. Wata yarinya mai dogayen farata ta zaunar da ni, ta ba ni ruwan sanyi, ta tambayi shekarun gidan, bulo ne ko katako. Duk na amsa tiryan-tiryan. Sai ta ce, “Sunan wa ke kan takardar filin?”

Na ce, “Filin dangi ne.”

Ta ce, “Na ji. Sunan wa?”

“Na Mama Zilla ne. Ita kuma ta gada wurin ubanta, da kuɗin yankan rake na Cuba ya saya.”

“Tana ina yanzu?”

“Tana wurin Ubangiji.”

Ta ajiye biro ta ce, “Mas Hopeton, ka yi haƙuri. In guguwa ta zo, wa za mu biya? Dangi ba su da asusu a banki.”

Ta tura ni wurin lauya. Shi kuma ya ce hanya biyu ce. Ko dai a rubuta sunan duk mai jinin Mama Zilla, na Toronto da na New York da 'ya'yan da marigayi Kawu Basil ya watsa a gari ba lissafi, wanda ya ce sai jikokinmu ne za su ga ƙarshensa. Ko kuma manyan da ke raye su sa hannu cewa sun bar wa wanda ke zaune a filin, takarda ta fito da suna ɗaya. Wanda ke zaune a filin kuwa ni ne.

Na kai wa Kawu maganar yana gyaran tarkon kifi. Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, “Uwata ta iya rubutu, Hopeton. Ta fi faston zamaninta kyan hannu. Da tana son suna a kan filin nan da ta rubuta. Cewa ta yi ba a sayarwa, ba a rabawa. Duk jininta ya zo ya tsinki mangwaro, ya kafa ɗaki, ba sai ya roƙi kowa ba.”

Na ce ai ba sayarwa za a yi ba, inshora ce.

Ya ce, “Ka gaya wa Baturiyar yayarka, mu inshorarmu maƙwabta ne da guduma.”

Gaskiya, Yaya, ni ma jikina bai ba ni ba. Ban taɓa neman sunana ya hau kan komai ba, ko kwale-kwalen da nake da shi sunan Merline ne a jiki. Da so samu ne mu bar filin nan yadda muka same shi. In kuwa kin dage, ke za ki shawo kan tsohon nan, don ni na gwada na sha kashi.

Ƙanenki,
Hopeton

Birmingham
Oktoba

Hopeton,

Na gaishe ku da kyau, kai da mutanen gida. Ka ce wa Merline man kwakwa ya yi aiki kwana biyu, daga nan gwiwar ta gano dabarar. Sanyi ya fara shigowa, na fito da rigunan da ke mai da ni kamar buhun gawayi.

Na kira Kawu ranar Lahadi bayan coci. Sai da ya yi mini tatas, ya kira ni Baturiya har na daina ƙirgawa. Na bar shi ya huce. Sannan na ce, “Kawu, maƙwabta suna kawo guduma, amma kwanon wa ke saye?”



Na ce, “Hopeton ne fa. Ni na goya shi lokacin da uwarsa ke kai kifi kasuwar Black River. Ɗan ƙanwar uwata ne, ciki ɗaya ne kawai ba mu fito ba. Suna zai ara mana, shi ke nan. In ya ci amana, ni ce na ci.”

Ina jin kukan kaji a bayansa. Can ya ce, “Saboda ke, Ionie. Ba saboda takardarku ba.”

To ka ji. Ka ɗauke shi a mota ka kai shi wurin lauya tun kafin ya sake shawara, kuma ka saya masa abin taɓawa a hanya. Na Toronto da na New York duk na bi su ɗaya bayan ɗaya, sun yarda, wasu ma sai da na tuna musu ina filin yake. Tawa takardar na sa hannu a gaban lauya a nan, tana cikin ambulan ɗin nan.

Ka daina cewa jikinka bai ba ka ba. Tsoron ofis ne kawai irin namu na ƙauye, ni ma na yi shi da na zo. Duniya ta sake, iska ta sake, dole mu ma mu sake dabara. Ni dai tun da na sa hannun nan nake barci mai daɗi.

Yayarka,
Ionie

Marlie Bay
Mayu

Yaya Ionie,

Gaisuwa da fatan alheri. Rabona da ɗaukar biro tun shekarar da takardar fili ta fito, yau shekara uku ke nan sai gaisuwar waya. Da kika ga ambulan daga wurina, kin san ba lafiya ba. Jikinmu dai ƙalau. Kawu ne idonsa ya yi rauni sosai, 'yarsa Delcie ta zo ta tafi da shi Black River. Ya tafi yana zagin kowa, har da kare.

Maganar inshora ce. Shekarar farko mun biya, kin sani. Ta biyu suka ƙara, na cike gurbin daga kuɗin kankana ban gaya miki ba, don kada ki ce na fara kuka da wuri. Bana sun aiko wani mutum mai farar riga, ya ɗauki hotuna, ya taka daga ƙofar gida zuwa bakin ruwa yana rubutu. Bai daɗe yana takawa ba, Yaya. Kin tuna inda muke shanya koma? Yanzu kifi ne ke yawo a wurin. Bishiyoyin kwakwar bakin fili ma teku ta kwashe na gaba, na baya saiwoyinsu a waje.

Bayan tafiyarsa kuɗin ya ninka har da ɗoriya. Kuma wai in iska ce ta yi ɓarna za su biya, bayan mun fara ɗaukar kaso na farko da kanmu. In kuwa ruwan teku ne ya shigo, ba ruwansu, sai an sake biyan wani kuɗin daban.

Na koma wurin mai dogayen farata. Na ce, “'Yata, ko kwabo ba mu taɓa karɓa a wurinku ba. Laifin me muka yi?”

Ta ce, “Ba laifinka ba ne, Mas Hopeton. Teku ce ta yi zafi, guguwa ta ƙara ƙarfi. Mu ma masu tsaya mana a ƙasashen waje sun ƙara mana.”

Na ce, “Ni na hura wa tekun wuta?”

Ta yi dariya, ta ga ni ba dariya nake ba, ta sunkuyar da kai.

Ga fari kuma. Ruwan da ya kamata ya zo a Afrilu har yau muna kallon sama. Na rufe gonar da ciyawa yadda aka saba, amma kankana ta tsaya kamar dunƙulen hannu, ruwan tanka kuwa saye nake. Na rubuta wa na Toronto, sun aiko mini da hoton jikarsu da addu'a. Na New York ba su ma amsa ba.

Ban iya roƙo ba, kin sani. Amma ke kika kawo maganar nan, ni kuma na bi. Rabina na bana ba zan iya haɗa shi ba, balle ƙarin. Lokacin guguwa ya ƙarato, Merline da ta ji ƙofa ta buga sai ta miƙe tsaye. Ki duba abin da za ki iya, ki ba ni amsa da wuri.

Ƙanenki,
Hopeton

Birmingham
Yuni

Hopeton,

Na gaishe ku, ina fata kowa lafiya. An yi mini aiki a gwiwa, ina gida, albashi rabi suke ba ni.

Na ga takardarka. Abin da na saba aikowa zan aiko, ba zan iya ƙara ko kwabo ba. Kai kana zaune a gidan ba ka biyan haya, ni ina biya a nan. Kai ne a wurin, sunanka ne a takarda, ka san yadda za ka yi.

 Zan rubuto mai tsawo in na samu sauƙi.

Ionie

Birmingham
Satumba

Ƙanena Hopeton,

Gaisuwa irin ta wadda aka manta da ita. Yaya Merline da yara? Yaya Kawu? Ni na miƙe, ina tafiya da sanda kamar wata babbar mai kuɗi.

Shekara ta zagayo har ta wuce ban ga rubutunka ba. In na kira, kafin in gama gaisuwa ka miƙa wa Merline, ita kuma ba ta da zance sai na coci. Na san takardata ta ƙarshe ta yi kaushi. Ina kwance na rubuta ta, ciwo yana cin raina, mai tsawon da na yi alkawari kuma ban rubuta ba. Ka yi haƙuri. Amma fushin shekara guda a kan layi biyar, Hopeton? Har kuɗin da na aiko na bana ka bari suka dawo mini. In kamfanin ne ya sake salo ai sai ka faɗa.

Ga labari mai daɗi, ko zai sa ka huce. Na ajiye aiki. Sun yi mini ɗan biki, wata tsohuwa da nake yi wa wanka ta yi ta kuka tana kirana da sunan 'yarta. Na sallami mai gidan haya, ƙarshen Nuwamba zan ba shi makulli. Na cika durom da kaya na sa a jirgin ruwa: labule na tagar ɗakin gabas, tukwane, fenti, da takalmin da zai maye gurbin naka na coci. Ni kuma zan sauka kafin Kirsimeti. Merline ta ajiye mini zoɓo mai citta da yawa.

Wani abu kuma. Mis Vashti ta cocinmu, wadda ƙanenta ke kamun kifi a Marlie Bay, ta tare ni a bakin ƙofa tana wani rausayar da kai. Wai an ga masu awon fili a filinmu suna kafa turaku masu jan fenti, wai kuma an ga babbar mota ta kwashi gadaje. Na ce mata mutanen inshora ne, su ba sa gajiya da awo, gadaje kuma mai yiwuwa fenti za a yi kafin in zo. Ta ce, “Allah ya sa,” da wata irin murya da ban so ba.

Ka rubuto ka ba ni abin da zan rufe bakinta da shi.

Yayarka,
Ionie

Malvern
Nuwamba

Yaya Ionie,

Muna lafiya, mun gode Allah da kika miƙe. Ki duba saman takardar nan, za ki ga ba daga Marlie Bay nake rubutu ba. Mis Vashti ba ta yi ƙarya ba. Na sayar.

Ki karanta har ƙarshe kafin ki tsine mini. Bayan gajeriyar takardarki ta bara na tattara abin da ke hannuna na tafi Mandeville in roƙe su su karɓa kashi-kashi. Yarinyar ta ce in mai da kuɗina aljihu, kamfanin ya janye daga duk gidajen bakin ruwa, ko nawa za ka biya. Na zaga sauran. Ɗaya ya faɗi kuɗin da ya fi abin da gonata ke bayarwa a shekara mai albarka. Ɗaya da ya ji sunan garinmu ko kujera bai nuna mini ba.

A daminar bara guguwa ta wuce can kudu da mu, ba ta ma taɓa ƙasa ba, ko a labaranku ba na jin an faɗa. Rufinki ko motsi bai yi ba. Amma da rana tsaka teku ta taso ta shigo har kicin, ruwa iya gwiwa. Na tarar da Merline a kan tebur ta rungume jikarmu, tana waƙar coci. Da ruwan ya janye ya bar mana gishiri, mangwaron Mama Zilla ya bushe a tsaye. Ban gaya miki ba, don kin riga kin ba ni amsa.

“Kai ne a wurin, sunanka ne a takarda, ka san yadda za ka yi.” Na karanta layin nan har takardar ta yage a wurin ninki. Da layin maganar haya kuma. Ni da na kwana ƙarƙashin tebur a guguwa biyu, ni ne mai zaman banza a gidan? Kuna can cikin ɗakuna masu ɗumi kuna so a ajiye muku gidan yarinta, ku zo Kirsimeti ku sha zoɓo ku yi hoto, ni kuma in zauna da iyalina ina jiran ruwa. Na ce miki jikina bai ba ni ba, kika ce tsoron ƙauye ne. Kika ɗora mini suna, da kaya ya yi nauyi kowa ya zame.

Wani mutumin Kingston ne ya saya, ɗakunan baƙi masu yawon shaƙatawa zai gina a kan dogayen ginshiƙai. Shi teku ba ta ba shi tsoro, yana da irinsu a wurare da yawa, inshorarsa kuma daga waje take. Ya ce mini, “Bana fili kake sayarwa, Mas Hopeton. In ka jira, ruwa za ka sayar.” Na duba na ga gaskiya ya faɗa.

Na sayi ɗan wuri a kan tudu a nan. Ana gina miki ɗaki, tagarsa gabas take kallo, in gari ya yi wasai ana hango teku. Kasonki da na kowa yana wurin lauya, ban ci na kowa ba. Kusurwar tsamiya, inda Mama Zilla da iyayenmu mata suke kwance, na sa an kewaye ta da waya an yi mata 'yar ƙofa. Dangi suna da izinin ziyara.

Kawu bai sani ba. Na roƙi Delcie kada ta faɗa masa, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Ki zo, Yaya. Ki zage ni a gabana, na yarda.

Ƙanenki,
Hopeton

Black River
Disamba

Hopeton,

An saba fara takarda da gaisuwa, to na gaishe ka. Na sauka lafiya. Ina gidan Delcie, a kan doguwar kujerar falo nake kwana. Direban tasi ne zai kawo maka wannan, don tsakanina da kai yanzu tafiyar da ba ta kai ta coci a Birmingham ba, amma ƙafata ba za ta hau tudun nan ba.

Na je Marlie Bay. Ba wanda ya gaya mini an riga an rushe gidan. Daɓen ɗakin gabas ne kawai ya rage, an jibge buhunan siminti a kai. Maigadin wurin Mas Everald ne, wanda na gani a hoto a saman rufinmu ranar gayya. Da ya gane ni ya cire hula, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce, “Mis Ionie, sannu da zuwa gida,” sai kuma ya ji abin da ya faɗa, ya juya yana laluben makulli.

Ka ce na ba ka amsa. Eh, na rubuta layin nan, kuma na ji kunyar layin hayar. Amma abin da ke raina shi ne ka rage inshorar, ko ka watsar da ita gaba ɗaya mu koma ga maƙwabta da guduma. Da ka ɗauki waya ka ce mini ruwa ya shiga kicin, na rantse da na ce ku kwashe ku hau tudu a ranar, da na sayar da duk abin da na mallaka na taya ka gini. Sai a bar filin ya zauna. In teku za ta ci, ta ci, namu ta ci. Ba ka tambaye ni ba domin ka san abin da zan ce. Shekara guda kana miƙa wa Merline waya, kana ji ina zancen labule.

Tsoronka gaskiya ne, ban ƙaryata ba. Amma tsoro bai mai da aro ya zama kyauta ba. Na goya ka, Hopeton. Na tsaya gaban tsoho na ba da kaina jingina a kanka. Ban taɓa jin an ci amanata irin wannan ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai, da hannuna na share maka hanya. Kasona ya zauna wurin lauya har ya ruɓe. Ɗakin da kake ginawa ka zuba awaki. Durom ɗina yana tashar jirgin ruwa a Kingston, da adireshin gidan da babu shi a jiki.

Mas Everald ya buɗe mini 'yar ƙofar taka. Na share wa Mama Zilla ganye, na share wa uwata da taka. Akwai sauran wuri a cikin wayar. Da manajan aikin ya zo wucewa na tambaye shi. Yaro ne mai ladabi, ya ce, “Ziyara dai ko yaushe, Mama. Amma sabon kabari babu, yana cikin yarjejeniyar da Mas Hopeton ya sa wa hannu. Ɗakunan baƙi a nan kusa za su kasance.” Wannan ba ka rubuto mini shi ba.

Jiya da yamma Kawu ya sa aka zaunar da ni kusa da shi. Ba ya gani ko kaɗan yanzu, sai da ya shafa fuskata. Ya ce, “Baturiya, kin dawo ke nan?”

Na ce, “Na dawo, Kawu.”

Ya ce, “Madalla. Ni kuma na kusa tafiya, kada ki ce mini a'a, jikina ne. So nake a gina mini ramina tun ina ji, a yi bulo a shafe da siminti yadda aka yi wa uwarki, maza su yi aiki su sha giyar ram ina zaune ina yi musu faɗa. Tsakanin uwata da uwarki akwai wuri, na daɗe da gani. A kai ni in taka shi da ƙafata in nuna wa Hopeton. Yaron nan ya riƙe mana fili da amana, kin yi gaskiya, ni ne na yi masa mummunan zato.”

Delcie ta tashi ta shige kicin. Ni na riƙe hannunsa, na ce zan isar da saƙo.

Ga shi na isar. Yana jiranka ranar Asabar, ya ce ka taho da igiyar awo.

Ionie